Shekarar da Muka Hana Idi Ƙwallo

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan shekara gardama ce da ta tashi a gidana wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Nabil, kai ka tayar da ita. Tun da ka dawo daga karatu a ƙasar waje ka zo mana da son wani wasan Amurkawa da ake bugun ƙwallo da gora, besbol kake kiransa, kuma ran nan kana riƙe da waya kana gaya wa ƙannenka wai masu wasan sun daɗe suna jayayya a kan ko jituwar 'yan ƙungiya tana kawo nasara. Kai ka ce zancen tsofaffi ne, gwani gwani ne ko da ba ya gaisawa da kowa. Sai Sumayya ta ajiye cokali ta nuna ni.

"Ga Baba nan, ka tambaye shi. Ƙungiyarsu faranti ɗaya suke ci, duk unguwar Utaibiyya an sani."

Na yi dariya, na ce a miƙo mini ruwa. Amma tun ran nan ban sami sukuni ba. In zauna in tashi, in fita ba tare da na san inda za ni ba, har uwarku ta fara tambayata ko hawan jinin ne ya motsa. Labarin farantin nan gaskiya ne, ni na ba ku shi. Sai dai rabinsa na ba ku, kuma kawunku Mansur da nake jin nauyinsa ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Saura ni in ba ku ragowar.

Kulob ɗinmu na nan Makka ƙarami ne, a rukuni na ƙasa yake, ba zan ambaci sunansa ba don laifin da zan faɗa namu ne, ba nasa ba. Ni ɗan tsakiya ne, ni ke raba ƙwallo, ni ne kuma kaftin. Da safe ina aikin ofis, bayan La'asar in tafi tamrin, wato atisaye. Mai cin ƙwallonmu Yaya Mansur ne, wan uwarku. Shi ya koya mini wasa a filin tsakuwa na gindin dutsen unguwarmu, tun ina buga ƙwallo ba takalmi. Shi ya kai ni kulob. Da na nuna ina son ƙanwarsa Ramlatu, shi ya shiga ya fita wurin manya har aka ba ni. Ban san wani abin kirki da na samu a ƙuruciya wanda hannunsa bai taɓa ba. Kowace Alhamis kuma ƙungiyar gaba ɗaya a gidan mahaifiyata Inna take cin abincin rana. Ta tuƙa tuwo da miyar kuka, a ƙaro siriyya, wato tsiren nan garin, daga wurin masu gashi, a baje a soron sama. Larabawan cikinmu har sun fi mu iya loma. Wanda zai yi aure mu muke kafa masa rumfa, wanda ubansa ya kwanta mu muke karɓeɓeniya a asibiti. A fili kuwa ba sai mun yi magana ba. In Yaya Mansur ya karkata kafaɗa na san inda yake son ƙwallo. Da wannan muka yi shekaru muna kusa da hawa rukuni na gaba, muna faɗowa a bakin ƙofa.

A shekarar da nake ba ku labari aka ce za a fara bai wa 'yan wasa kwantiragi, wanda koci ya zaɓa ya zauna, wanda bai zaɓa ba ya kama gabansa. Kocinmu, wani Bamisire mai yawan shan taba, ya hau garin Ɗa'if ya dawo da wani saurayi dogo siriri mai suna Idi. Bahaushe ne irinmu, iyayensa mutanen Damagaram, amma a Ɗa'if aka haife shi. Ban taɓa ganin mai gudu irinsa ba, kafin ko bayan. Ban kuma taɓa ganin mai ɗacin baki irinsa ba. Kada ku ɗauka wani salihi ne muka zalunta. Ba ya gaida manya. In ka ɓata masa ƙwallo sai ya daka maka tsawa a gaban 'yan kallo. A makonsa na farko, muna tsakiyar tamrin, ya juya ya dubi Yaya Mansur, wanda a lokacin ya haura shekara talatin kuma gwiwarsa ta fara ciwo.

"Ya ammi, ka matsa mini. Gudunka kamar mai ɗauke da tulun gas."

Ammi fa, wato baffa, a gaban kowa. Wasu suka sunkuyar da kai don kada a ga dariyarsu. Yaya Mansur ya matsa masa, amma na ga jijiyar wuyansa ta miƙe.

Wasa uku na farko Idi ya ci huɗu. Koci ya fara ajiye Yaya Mansur a benci, ko ya sa su tare ya tura shi gefe. Alhamis ta gaba, bayan an kwashe faranti an kawo shayi, muka rage mu huɗu a soro, ni da shi da wasu biyu daga cikin tsofaffin ƙungiya. Yaya Mansur ya ajiye ƙaramin kofinsa ya dube ni.

"Siddi, shekara goma sha biyu na yi wa rigar nan. Yanzu da kwantiragin ya zo sai a ba ɗan jiya? Ƙwallo ai daga ƙafarka take fita."

"Yaya, in na hana shi ƙwallo koci zai gani."

"Wa ya ce ka hana shi? Ka ba shi. Amma ka ba shi a makare."

Ku da ba ku buga ba, bari in fayyace muku. In ɗan gaba ya wuce mai tsaron baya na ƙarshe kafin a bugo masa ƙwallo, ya yi satar gida, mai tuta ya ɗaga, wasa ya tsaya. Tsakanin gudu mai kyau da satar gida ƙiftawar ido ce. Idi yana tashi a daidai lokacin da ya kamata. Abin da aka nema daga gare ni shi ne in ƙara taɓa ƙwallo sau ɗaya kafin in sake ta. Taɓawa ɗaya tak. Kowa a filin zai ga ɗan gaba ne ya yi gaggawa, ba wanda zai dubi ɗan tsakiya. Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Na kurɓi shayi. A wasan ranar Asabar kuwa na yi, kuma ya tafi sumul har na ji tsoron sauƙinsa.

Haka muka yi wata huɗu. Tuta ta yi ta tashi a kan Idi, wani wasan sau uku, wani sau huɗu. 'Yan kallo suka sa masa suna, suna kiransa mai tuta. Koci ya yi ta zaginsa da Larabcin Misira. Wasannin da ya kamata mu ci muka yi ta kunnen doki, biyu ma aka cinye mu. Abin da ya fi ba ni kunya in rubuta shi ne, ban taɓa ganin ƙungiyarmu ta haɗa kai kamar a watannin nan ba. Waɗanda ba su san sirrin ba ma sun ji iskarsa. Dariyar Alhamis ta ƙaru, ana kwaikwayon tafiyar Idi, ana ɗaga hankici a matsayin tuta. Yaya Mansur ya koma cikin sha ɗayan farko, ya ci ƙwallo biyu ko uku, muka ɗauke shi a kafaɗa. Ni kuwa na rame. Ba na iya zama in gama cin abinci. In dawo daga tamrin in sake fita, in gangara har unguwar Misfala a ƙafa cikin maniyyata, in dawo ban sayi komai ba. Uwarku tana da cikin Sumayya a lokacin, ba ta san komai ba, amma kullum maganarta ɗaya.

"Abu Nabil, in aka sallami Yaya Mansur ina zai sa kansa? Shi fa bai iya komai ba sai ƙwallon nan. Kai ne kaftin, ka tsaya masa."

In ce mata ina tsaye, in tashi in bar ɗakin.

Inna ce ta fara sa mini yatsa a kan miki, ita da ba ta taɓa shiga filin wasa ba. Akwai hoton ƙungiya da na kafa a bangon tsakar gida. Wata Alhamis ina taya ta sauke tukunya sai ta tsaya a gabansa.

"Siddi, ku goma sha bakwai ne a nan. Me ya sa nake zuba wa sha shida?"

"Ɗan Ɗa'if ɗin ba ya zuwa, Inna. Ba ya son mutane."

"Ka ce masa ya zo, ya ƙi?"

Na ci gaba da kiciniyar tukunya.

"To ni ban tuƙa tuwona don a ci a yi da ɗan wani ba. Ina jinku daga ƙasa."

Ban gayyace shi ba duk da haka. Me zan ce wa Yaya Mansur?

Saura wasa uku a gama kakar wasa, na zo fili da wuri wata rana saboda zaman gidan ya gagare ni. Na tarar da Idi shi kaɗai a rana, ya jera duwatsu a layi kamar masu tsaron baya, yana tashi da gudu, ya tsaya, ya koma, yana ƙirga wani abu a bakinsa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Da ya gan ni na ɗauka zai kau da kai kamar yadda ya saba. Sai ya taho, ya yi mini sallama, karo na farko tun zuwansa.

"Kaftin, don Allah ka gaya mini yaushe zan tashi. A Ɗa'if ban taɓa samun wannan matsalar ba. Na gwada jinkirtawa, na gwada saurin tashi, duk ɗaya. Kai kake ganin filin daga baya. Me nake yi ba daidai ba?"

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na dubi duwatsunsa, na dafa kafaɗarsa, na ce masa wasan nan ya fi na Ɗa'if sauri, ya yi haƙuri, zai saba. Ya gyaɗa kai ya yi mini godiya. Ya koma kan duwatsunsa. Wasa biyun da suka biyo baya ma na ƙara taɓawar nan. Ina so ku san wannan, kada wani ya ce da na gane sai na tuba nan take.

Wasan ƙarshe a gida ne. Sai mun ci, kuma sai waɗanda ke gabanmu sun yi tuntuɓe a nasu wasan, sannan mu hau. Aka tafi hutun rabin lokaci an zura mana ɗaya. A ɗakin canza kaya koci ya ce Idi da Mansur su tsaya gaba tare. Yaya Mansur ya zauna kusa da ni yana ɗaure gwiwa, ya ɗan buge ni da kafaɗa kamar yadda ya saba tun ina yaro. Ni kuwa a nan, ina kallon ƙasa, na yanke shawara. Ba zan ce don Allah kaɗai na yi ba. Na gaji ne, kuma ina son in hau rukunin nan kafin ƙafata ta mutu. Minti goma da komawa ƙwallo ta zo mini a tsakiya. Yaya Mansur ya karkata kafaɗa yana nema. Ta gefen idona na ga Idi ya tashi. Na sake ta nan take. Tuta ba ta ɗaga ba. Ya tsere wa kowa, ya zagaye mai tsaron gida, ya tura ta raga. Kafin a tashi na sake ba shi wata irinta, ya sake ci. Filin ya ruɗe. Idi ya zo da gudu ya rungume ni yana ihu, "Na gane, Kaftin, na gane!" Ta saman kafaɗarsa nake kallon Yaya Mansur tsaye, hannu a ƙugu.

Mun ci biyu da ɗaya. Waɗancan ma sun ci nasu. Maki ɗaya suka fi mu, mu da muka zubar da maki a wata huɗu kamar ruwan wanki.

A bakin ƙofar fili Yaya Mansur ya jira ni, jakarsa a kafaɗa.

"Ka sayar da ni, Siddi. A gaban koci ka nuna masa wanda zai riƙe."

"Yaya, hawa muke nema."

"Kun hau?"

Ya juya ya tafi. Shekara shida bai ƙara yi mini magana ba. Kulob ya sallame shi, ya yi ta fama, ya ja tasi, ya yi gadi, kafin ya samu ya zauna a shagon wani. Sumayya, ranar sunanki kawunki bai zo ba, kuma ba tafiya ya yi ba kamar yadda aka gaya miki. Uwarku ta ji labarin daga bakin matarsa, rabin labarin, wato na ci amanar wanta a fili. Da na gaya mata ɗaya rabin sai ta zauna a bakin gado.

"To yanzu wanne zan yi kuka a kai?" in ji ta.

Tuwon Alhamis ya mutu a watan. Ba wanda ya ce a daina, mutane dai suka yi ta raguwa har Inna ta mayar da babbar tukunyarta ɗaki. Idi ma bai zauna ba. Na ji an ce ya koma Ɗa'if, ban bincika ba. Na ƙara kaka ɗaya na ajiye. Bayan tafiyata aka kawo sabon koci, ya tara baƙin fuskoki daga ko'ina, waɗanda aka ce wasunsu ko gaisawa ba sa yi, suka hau a shekara ta biyu. Na kuma ga wasu irinsu daga baya da suka tarwatse tun kaka ba ta yi nisa ba. Saboda haka, Nabil, ba ni da amsar da za ka kai wa masu jayayyarka. Ni da Yaya Mansur mun shirya a jana'izar Inna, a maƙabarta ya miƙo mini hannu. Daga nan har ya koma ga Allah muna zumunci, amma ko sau ɗaya ba mu ambaci soron nan ba.

Wata biyu da suka wuce na fara neman Idi. Na tambayi tsofaffin 'yan wasa, wannan ya tura ni wurin wancan, ashe shekara da shekaru yana nan Makka, yana da shagon kayan famfo a unguwar Zahir. Sau biyu ina zuwa bakin layin in juya. A na uku na shiga, da hantsi. Ya yi ƙiba, kansa ya yi fari, yana auna wa wani bututu. Ya gane ni tun kafin in yi sallama.

"Kaftin! La ilaha illallahu. Kai ne?"

Ya jawo mini kujera, ya zuba shayi, ya shiga tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya. Bakin nan mai ɗaci ya yi laushi. Na tambaye shi me ya sa ya bar ƙwallo da ƙuruciyarsa.

"Ai bayan wasan nan wani babban kulob na Jidda ya aiko a gwada ni. Ban je ba. Na ce wanda ya kasa gane lokacin tashi a ƙaramin rukuni sai ranar ƙarshe, me zai je yi can? In je a yi mini dariya a talabijin? Gudu nake da shi, Kaftin, kai ne ba ni da shi."

Na ajiye kofin. Na gaya masa komai, tun daga shayin soro har duwatsun da ya jera. Ban rage ba, ban kuma jingina wa mamaci fiye da rabonsa ba. Bai katse ni ba. Wani ya leƙo yana neman kan famfo, ya ce masa ya dawo bayan Azahar. Da na gama ya ɗauki wani ɗan ƙarfe yana murzawa, ya tambaye ni.

"Sau nawa?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ƙirga. Talatin da ɗaya aka ɗaga mini tuta a kakar nan. Ina iya gaya maka filin da kowacce ta faru." Ya ɗago ya dube ni. "Duka kai ne?"

"A'a. Wasu da gaske ka yi gaggawa."

"Waɗanne?"

Na ce masa ya yafe mini don girman Allah.

"Bar wannan tukuna. Shekara talatin da wani abu ina ɗauke da su a matsayin nawa. Yanzu ka zo ka ce wasu naka ne. To ka zauna mu raba, in san abin da na iya da abin da ban iya ba."

Wannan shi ne inda nake zuwa duk Asabar da safe, ba asibiti ba, don na san kuna tambayar uwarku. Muna zama a bayan kantarsa, ya jera ƙananan ƙarafa a kan tebur, wannan ni ne, wannan shi, waɗannan masu tsaron baya, mu bi wasa bayan wasa. Ya fi ni tuna su nesa ba kusa ba. Mun wuce tuta goma sha huɗu: tara nawa, uku nasa, biyu mun kasa tantancewa. Makon jiya muka tsaya a kan ta sha biyar, wani wasa da muka yi a waje cikin iska mai ƙarfi. Shi ya dage cewa shi ya tashi da wuri, yana tuna yadda ƙafarsa ta zame. Ni kuwa na san na riƙe ƙwallon, har yanzu ina jin taɓawar a cikin ƙafata. Muka yi ta musu har ya buga tebur, ƙarafan suka watse, ya daka mini tsawa irin ta da, cewa ko laifinsa ma sai na ƙwace masa. Muka tsuguna mu biyu tsofaffi muna tsince su a ƙasa. Bai ce ya yafe ba, ban sake roƙo ba. Da zan fita ya ce in zo da wuri Asabar mai zuwa, saura goma sha shida.